Oga ya ce mu fara tara jinin masu zazzaɓi a firiza don masu ƙera gwaji, ta ina ake farawa?

Tambayar wata 'yar uwa ce mai aikin lab a wani asibitin koyarwa a Arewa. Tace sashensu ya samu ɗan tallafi, oga ya ce a sayi firiza biyu masu sanyin digiri -80 a fara ajiye ragowar jinin da ake kawowa gwaji, musamman na masu zazzaɓi, saboda ya ji cewa masu ƙera sabbin kayan gwajin cuta suna neman irin wannan samfur ido rufe. Ita aka ɗora wa aikin, shine take tambaya ta ina zata fara.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi jagora, kuma naji daɗi wallahi da har a asibitocinmu aka fara wannan tunanin. Ogan naki yana da gaskiya, buƙatar tana nan kuma babba ce, amma ki roƙe shi da girman Allah ya dakata da sayen firizar tukuna, ita ce abu na ƙarshe da za a saya. Ragowar jinin da ke kan benci bayan an gama gwaji, in kika tara shi shekara biyar, abin da zaki samu shine dubban tiyub da babu mai iya amfani da su. Mai jinin bai yarda a ajiye ba, baki san awa nawa jinin ya yi a aljihun ɗan uwan mara lafiya ko a kan tebur cikin zafin Afrilu kafin a juya shi a inji a ware ruwansa ba, baki san rana ta nawa ce da fara zazzaɓin ba, baki san ko ya sha Coartem ko amoksisilin daga kyamis kafin ya zo ba, uwa uba kuma baki san ainihin abin da ke damunsa ba, sai dai abin da likita ya yi zato ya rubuta a fom. Na taɓa shiga wani lab aka buɗe min firiza maƙil da akwatuna, shekaru ana biyan dizal a kanta, da muka ciro sai muka tarar rubutun maka ya goge a jikin fiye da rabin tiyub ɗin, littafin rajistar kuma ya tafi tare da wanda aka yi wa canjin aiki. Abin ya tsaya min a rai har yau domin jinin mutane ne, wasu ma sun rasu. Kamar buhunan iri ne a rumbu babu shaida a jiki, baka san na wace gona bane ko na wace shekara, ba manomin da zai yarda ya shuka.

To bari mu fara da abin da shi mai ƙera gwajin yake so. Tambaya biyu yake son amsawa. Cikin mutum 100 da tabbas suna da cutar, nawa gwajinsa zai kama? Sannan cikin mutum 100 da tabbas basu da ita, nawa zai wanke? Lokacin korona misali, WHO ta ce gwajin gaggawa na antijin, wato mai neman wani sinadari na jikin ƙwayar cutar, sai ya kama aƙalla kashi 80 na masu cutar kuma ya wanke aƙalla kashi 97 na marasa ita. Kinga duk lissafin ya rataya ne a kan kalmar nan tabbas, kuma ke ce zaki samar masa da ita. Yawa ma yana da muhimmanci, in ya gwada samfur 20 ya kama 19 zai buga ƙirji ya ce kashi 95, alhali a lissafi gaskiyar tana iya sauka har wajen kashi 76, amma in samfur 100 ne ya kama 95 to ba zata cika yin ƙasa da 89 ba. Shi yasa samfur 20 ko 30 na cuta ɗaya basa kai kowa ko'ina.

Abin da mutane suka fi mantawa shine samfurin marasa cutar. Ba jinin ɗaliban likitanci masu ƙoshin lafiya nake nufi ba, kowane gwaji zai wanke waɗannan. Wanda ake nema shine na mutumin da ya zo da zazzaɓi da ciwon kai da amai sak irin na mai cutar, amma an bincika an tabbatar wani abu ne daban, domin a asibiti tsakanin waɗannan biyun ake so gwajin ya raba. Haka kuma a ɓangaren masu cutar kar ki tara na waɗanda suka jigata kaɗai, ƙwayar ta cika jininsu, gwajin banza ma zai gani. Ki nemi na mai kwana biyu da farawa, da na yaro, da na mai ciki, da na wanda ya sha rabin magani, da wanda ƙwayar 'yar kaɗan ce a jininsa.

Misalin da nake yawan bayarwa shine gwajin maleriya na sitirif da yanzu ake yi a kowane kyamis. A da kamfanoni barkatai ne ke yinsa kuma ba wanda ya san na kirki da na banza. Daga 2008 WHO da FIND, wata cibiya mai aiki a kan kayan gwajin cuta, da hukumar CDC ta Amurka suka fara gwada su a kan ma'ajiyar samfur ɗaya da ke Atlanta, jinin masu maleriya ne da aka tattaro daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, aka sirka shi zuwa ƙwaya 200 a mikrolita ɗaya don a ga wanda ke iya ganin cutar tana kaɗan, da kuma 2,000. Suka haɗa da jinin marasa maleriya, har da masu rikitarwa da gangan, irin na masu dengi da tsargiya da masu sinadaran ciwon gaɓoɓi a jini, sannan suka ajiye sitirif ɗin wata biyu a zafin digiri 35 da 45 suka sake gwadawa. Wanda bai kai maki 75 cikin 100 a kan ƙwaya 200 ba baya shiga jerin da ake ba da shawarar saye. Zagaye takwas aka yi zuwa 2018, kamfanoni suka gyara kayansu dole saboda kowa na ganin sakamakon kowa. Duk wannan samfur mai cikakken tarihi ne ya jawo shi.

Yanzu wurin da aikin yake da wuya, wato tabbatar da abin da ke cikin tiyub. Ɗauki taifot. In kika rubuta taifot a kan samfur saboda gwajin Widal ya nuna 1/160, kin cuci duk wanda zai yi amfani da shi, domin mu da muke aikin nan mun san Widal yana tashi a mai maleriya, da wanda ya yi taifot bara, da wanda lafiyarsa ƙalau. Abin dogaro shine kalca, a raini ƙwayar daga jini a kwalba har ta fito a gane ta. Ita ma kalcar jini wajen rabi ko sama da rabi kaɗan take kamawa, musamman in an riga an sha maganin kashe ƙwayoyi ko jinin da aka zuba a kwalbar bai isa ba. Ma'ana wanda kalca ta fito masa tabbas mai taifot ne, wanda bata fito masa ba kuwa ba zaki iya rantsuwa bashi da ita ba, saboda haka shi ba zai shiga rukunin marasa taifot ba sai in an gano masa wata cutar ƙarara. Dole ki zama da rukuni na uku na waɗanda ba a tantance ba, kuma zai fi sauran biyun yawa, kar wannan ya dame ki kuma kar ki yarda kowa ya matsa miki ki tura su wani rukuni don lissafi ya yi kyau. A ganina ma in za ku zaɓi abu ɗaya da za ku shahara a kai, to wannan ne, siram da filasma, wato ruwan jini bayan an juya shi, na yara masu taifot da kalca ta tabbatar, tare da ita ƙwayar da aka raina an ajiye, da samfur na biyu bayan sati biyu zuwa huɗu. Irin wannan yana da wuyar samu, kuma mu ne ke da marasa lafiyan. Kuɗin firiza ɗaya in aka zuba shi a kwalaben kalca da horar da mai ɗibar jini zai fi amfani nesa ba kusa ba.

Nasan Lassa ce a ran oganki, kowa ita yake fara ambata, to bari in daɗe a kanta kaɗan don tana koyar da abu biyu. An fara gane cutar ne a 1969 daga garin Lassa a jihar Borno ta yanzu, ta hanyar wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan da aka kawo Jos, da abokan aikinta da suka kamu a can. Bairos ɗin ba iri ɗaya bane ko'ina, yana da rassa da suka bambanta sosai, reshe na biyu a kudu wajen Edo da Ondo da Ebonyi, na uku a tsakiya da arewa wajen Filato da Nasarawa da Bauchi, na huɗu a Saliyo da Gini da Laberiya. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar bairos ɗin, da aka wallafa a 1994 an yi shekaru ana aiki da shi kafin a gano yana tsallake wasu samfura na Laberiya da Najeriya, sai a 2010 aka gyara shi, kuma har yau ana so a nemi wuri biyu a jikin bairos ɗin don in ɗaya ya kuɓuce ɗaya ya kama. Gwajin sitirif na farko na Lassa a Kenema ta Saliyo aka raine shi a kan reshe na huɗu, daga baya sai da aka sake haɗa wani da ya ƙunshi rassan Najeriya. Yawancin samfurin Lassa na ƙasar nan masu kyakkyawan tarihi daga kudu suke fitowa, musamman asibitin Irrua a Edo da ya daɗe yana aiki da cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug, da Owo da Abakaliki. Reshen da ke kashe mutanenmu a Bauchi da Filato bai samu wakilci kamar haka ba, kuma in babu samfurinsa a lokacin da ake ƙera gwaji, to a jikin mara lafiyarmu za a gano cewa baya kamawa.

Abu na biyu, da aka kai wancan sabon sitirif ɗin Abakaliki aka gwada shi a bakin gadon mara lafiya, tare da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna da filasma wajen rabin masu cutar ya kama, da jinin yatsa kuwa ɗan ƙalilan ne. Ki riƙe wannan da kyau. In gwajin da jinin yatsa za a yi shi a ƙauye, filasmar da ke firizarki zata taimaka ne a matakin farko, a tace na banza a bar masu alamar kirki, amma ba zata maye gurbin gwaji a kan mutum mai rai ba. Duk wanda ya karɓi samfurinki ki faɗa masa haka a rubuce.

Sai dai fa ƙanwata ki ji ni da kyau, kar ki ajiye jinin mai Lassa da bairos mai rai a firizar lab na gama gari. Cuta ce da ake raino a ɗaki mai matakin tsaro na huɗu, wato mafi tsauri, kuma mun yi rashin abokan aiki a kanta, ko a Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci. Firiza tana ajiye bairos da ransa, wanda zai buɗe tiyub ɗin bayan shekara uku bai san komai ba. In kuna son shiga harkar Lassa ku bi ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da babban lab ɗinta na Gaduwa a Abuja da cibiyoyin da aka ware, ku ku riƙe ɓangaren yarda da tarihin mara lafiya da ɗiba a kan ƙa'ida. Ana iya kashe bairos ɗin da sinadarin guwanidin da barasar lab, amma samfurin daga nan na PCR ne kawai, ba zai yi wa mai gwajin antijin amfani ba. Kuma ko a tarin masu zazzaɓi na yau da kullum, a lokacin rani da Lassa ke tashi, ki tsara yadda za a tantance kafin samfur ya shiga ajiya.

Ki leƙa maƙwabta ma, akwai darasi a Nijar. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai ta daɗe tana karɓar ruwan ƙashin baya na masu sanƙarau daga asibitocin ƙasar tana yi musu PCR tana ajiyewa, kuma a kan wannan tarin ne ita da cibiyar Pasteur ta Faransa suka gwada sitirif na gane nau'in sanƙarau da aka wallafa a 2006, mai raba A da C da Y da W. A wannan shekarar kuma nau'in X ya ɓarke a Nijar, wanda sitirif ɗin bai san shi ba, sai daga baya aka yi nasa. Aka zo aka yi rigakafin MenAfriVac daga 2010 nau'in A ya kusa ɓacewa, sai C ya taso, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya shigo Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017 inda aka lissafa sama da mutum 14,000 da ake zargi. Cuta tana sauya kama, tarin da aka yi sau ɗaya aka rufe yana tsufa. Maleriya ma haka, a 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyi a Peru da suka rasa sinadarin HRP2 da yawancin sitirif ke nema, Eritiriya kuma sai da ta canza irin gwajinta gaba ɗaya saboda haka. Masu ajiyar ɗigon jini a takarda shekara bayan shekara su ne ke iya komawa baya su ga yaushe abin ya fara. Ɗigon jini a takardar tacewa, a busar a inuwa a sa a leda da silika, arha ne ƙwarai, ki haɗa da shi tun ranar farko.

Yanzu maganar yarda, wadda a wurina ta fi komai nauyi. Ke a Arewa kike aiki, mutanenmu basu manta da 1996 ba, lokacin da Pfizer ta gwada Trovan a kan yara wajen 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009, kuma kowa ya ga yadda wannan tabon ya taimaka wajen ƙin rigakafin foliyo a 2003. In labari ya fita cewa asibitinku na tara jinin mutane a ɓoye ana kaiwa Turai, ba aikinki kaɗai zai mutu ba, mata zasu daina zuwa awo. Don haka sai kin samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku kafin tiyub na farko. Takardar yarda a rubuta ta da Hausar da ake ji, a karanta wa wanda baya karatun boko a gaban shaidar da ba ma'aikacinku ba, kuma ta faɗi gaskiya tsirara: za a ɗebi ƙarin jini kimanin cokali kaza, za a ajiye shekaru, ana iya aika wani kashi wata ƙasa, kamfani na iya amfani da shi ya ƙera gwajin da zai sayar kuma kai ba za a baka kuɗi ba, sunanka ba zai bi jinin ba, in ka ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake maka, in ka canza ra'ayi gobe za a zubar da abin da ya rage. Wasu abokan aiki suna tsoron ambaton kamfani wai mutane zasu gudu. Wasu zasu ƙi ɗin, haƙƙinsu ne, amma abin da na gani shine mafi yawa suna yarda in an yi musu bayani cikin mutunci, har su ce Allah ya sa ya amfani wani. Matar da ta ce sai ta tambayi maigida a bata lokaci, amma yardar maigida bata wadatar ba sai ita ma ta ce eh da bakinta. Yaro mai wayo a tambaye shi bayan iyayensa, kuma jinin da za a ɗiba a yaro a lissafa shi da nauyinsa, yaron da maleriya ta riga ta shanye wa jini a ƙyale shi. Sannan in kalcarku ta fito da wani abu, sakamakon ya koma wurin likitansa a ranar, wannan shine amfanin da mara lafiya zai gani da idonsa. Ki zauna da limamai da masu unguwa tun kafin a fara, ki kai su su ga firizar da idonsu in ta zo.

Aikin benci kuma kin fi ni sanin yanayin lab ɗinku, kaɗan zan taɓa. Ki rubuta lokacin ɗiba, lokacin juyawa, lokacin shiga firiza, ga kowane samfur, ki sa wa kanki iyaka misali awa biyu zuwa huɗu, wanda ya wuce a rubuta ya wuce, kar a ɓoye. Cikin sinadaran hana jini gudaji, tiyub mai EDTA don PCR, ki guji mai hefarin don yana hana PCR tafiya. Jinin da ya fashe ya yi ja a rubuta. Babban abu shine rarrabawa, kar ki daskarar da mililita 4 a tiyub ɗaya, ki raba shi rabin mililita rabin mililita a ƙananan tiyub masu murfin murɗawa, domin duk narkewa da sake daskarewa yana cin RNA, ƙwayar halittar bairos da PCR ke nema, da wasu sinadaran, kuma da tiyub takwas mutum takwas zaki yi wa hidima. Sitika ta zama irin wadda aka yi don sanyi, da bakod, ba suna ba lambar asibiti, lambar ma'ajiya kawai, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma tana kulle a wani wuri a hannun mutum ɗaya ko biyu, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ɗora muku wannan. Kwamfuta ta san firiza, shelf, akwati, layi da ramin kowane tiyub, a kuma riƙa kwafe bayanan zuwa wani wuri daban duk sati.

To sai firiza. Mai -80 zafi take fitarwa kamar me, in ɗakin ba AC a watan Maris da Afrilu kwamfuresa zata mutu, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata matatar iska sai ana wankewa. Wutar NEPA mai hawa da sauka tana kashe ta fiye da ɗaukewar wutar ma, saboda haka sitabilaiza dole, sai janareta mai kuɗin dizal a rubuce cikin kasafi, in da hali sola da batir. Cikin biyun da za ku saya ɗaya ta zauna kusan fanko tana aiki, ranar da ɗayar ta tsaya cikin dare a samu inda za a kwashe. A sa na'urar da ke auna sanyi tana tura saƙo a waya, da jerin wanda zai taso ranar Sallah in ta yi ƙara, kuma ki tambayi mai sayarwa tun kafin a biya wa zai gyara kuma daga wane gari zai zo. Kar ki ga kamar matsalarmu ce mu kaɗai, a Disambar 2023 cibiyar Karolinska ta Suwidin ta yi asarar samfuran shekaru masu yawa lokacin hutun Kirsimeti saboda ruwan naitirojin ya yanke wa tankunansu. Shi yasa samfur mai daraja ake raba shi gida biyu, rabi a wurinku rabi a wani gari. Firjin gida mai narkar da ƙanƙararsa da kansa kuwa kar ya kusanci aikin nan.

Saura fita. Ma'ajiyar da samfur ke shiga baya fita ta kasa, ko da komai nata tsaf ne, kuma na ga inda oga ya mayar da firiza kamar gadonsa, ba mai taɓawa sai an sa sunansa a takarda. Tun yanzu a kafa ƙaramin kwamiti, da likita da ɗan lab da wakilin kwamitin ɗa'a da mutum ɗaya daga cikin gari, a rubuta wa zai iya nema, da me za a duba, da kwana nawa za a ba da amsa. Duk abin da zai bar ƙasar sai da yarjejeniyar miƙa samfur wadda ake kira MTA, ƙa'idar ɗa'ar bincike ta ƙasa ta 2007 ta wajabta ta kuma ana kai ta NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. A ciki a rubuta abin da za a yi da samfurin kaɗai, ba za a miƙa wa wani na uku ba, za a dawo muku da sakamako ko mai kyau ko mara kyau, sannan ku nemi a rubuta cewa in gwajin ya fito kasuwa za a same shi a nan da farashin da za a iya. Wannan ba son zuciya bane, Indonesiya ta daina ba da samfurin murar tsuntsaye a 2007 saboda ana yin rigakafi da shi a sayar a farashin da ta kasa saye, rigimar da ta haifar da yarjejeniyar WHO ta 2011, kuma bayan Ebola ta 2014 samfura masu yawa sun bar Saliyo da Gini da Laberiya ba tare da ƙasashen sun san inda suka ƙare ba. Jinin kansa ba a sayar da shi, kuɗin ɗawainiya ake karɓa, na tiyub da kalca da dizal da albashi, kuma a lissafa shi da gaske don tallafin nan zai ƙare.

Wata dabara da zata kare sunanku, in kamfani ya zo a ba shi kashi biyu daban. Na farko da amsoshinsa a buɗe, ya yi ta gyara gwajinsa da su. Na biyu a rufe, lambobi kawai, ya gwada ya turo sakamako sannan ku buɗe amsa, in ma zai yiwu a lab ɗinku za a yi wannan da hannun ma'aikatanku. Samfurin da ya shiga kashin farko kar ya sake shiga na biyu. Aikawa kuma a nemi wanda ke da takardar horo ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, kwali uku cikin juna da busasshiyar ƙanƙara, yawancin naku zasu tafi a rukunin jigilar samfur na UN3373, kuma ki fara binciken inda ake samun busasshiyar ƙanƙarar tun yanzu don ba kowane gari ake samu ba.

Abin da zaki kai wa oga ranar Litinin shine takarda shafi biyu, cuta ɗaya ko biyu, wane irin gwaji ake son taimakawa, wane samfur, da me za a tabbatar, mutum nawa a shekara. Ki nemi ya tura ki Abuja ki ga ma'ajiyar Cibiyar IHVN mai binciken bairos, tana cikin uku da shirin binciken ƙwayar halitta na H3Africa ya kafa tare da ta Makerere a Yuganda da ta Afirka ta Kudu, ki ga yadda suke karɓa da rajista da fitarwa, ki tambaye su ko zasu riƙe muku kashi na biyu. Ki duba ƙa'idar ma'ajiyar samfur ta ISO 20387 ta 2018 da jagorar ISBER, ƙungiyar ma'ajiyoyin samfur ta duniya, ba don ku nemi shaida yanzu ba, don dai fom ɗinku ya yi daidai da abin da masu nema zasu tambaya, FIND ma a Janiba tana da kundin da ma'ajiyoyi ke sanar da abin da suke da shi. Daga nan ku fara da mutum 50 kacal a aron shelf ɗaya na firizar wani sashe. Bayan wata uku ki sa wani da ba ya cikin aikin ya zaɓi lamba 20 a kwamfuta yadda ya ga dama, ki je ki ciro su yana tsaye da agogo, a duba kowanne yana raminsa, takardar yardarsa tana nan, sakamakon kalcarsa yana nan, a narkar da biyu ko uku a sake gwadawa a ga ko abin da aka rubuta yana ciki. In 20 ɗin sun cika sai a kira mai firiza. In kin rubuta takardar yardar ki turo min in duba miki Hausar kafin ta je kwamiti.